Gurbin Karatun Kasuwanci a Manyan Jami'o'in Amurka: Me Ke Tantance Damar Ɗalibin Sakandare?

Duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Amurka da iyayensu sukan shiga lissafi iri ɗaya: ga makin yaro, ga sakamakon jarrabawarsa, ga ayyukan da ya yi a wajen aji, to zai samu Wharton, fitacciyar makarantar kasuwanci, ko ba zai samu ba? A da akwai amsar da ta ɗan kusanci gaskiya. Yanzu ƙa'idojin sun yi ta sauyawa har masu ba ɗalibai shawara ma sai sun sake dubawa kafin su yi magana. A 2020 jami'o'i da yawa suka ce ba dole ba ne a kawo sakamakon SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, daga 2022 kuma manyansu suka fara cewa a dawo da shi. A 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A 2024 Jami'ar Berkeley ta buɗe wa 'yan sakandare ƙofar makarantarta ta kasuwanci kai tsaye. A 2025 kuma dokokin biza suka tsananta ga ƙasashen Afirka da dama, har da waɗanda Hausawa suka fi yawa a cikinsu.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne kalmar "dama" ita kanta. Ana ɗaukarta tamkar lamba guda ce da ta shafi kowa. A zahiri, yara biyu masu maki iri ɗaya suna iya neman makaranta ɗaya a shekara ɗaya, amma ba a layi ɗaya suke tsaye ba.

Wace makaranta, kuma ta wace ƙofa?

Kasuwanci shi ne fannin da ya fi kowane yawan masu digirin farko a Amurka. A cikin digirori kusan miliyan 2 da ake bayarwa a shekara, kusan ɗaya cikin biyar na kasuwanci ne. Ke nan samun gurbin karanta kasuwanci ba abu ne mai wuya ba, domin ɗaruruwan jami'o'i suna karɓar mafi yawan waɗanda suka nema. Turmutsitsin yana kan makarantu ƙalilan ne: Wharton ta Jami'ar Pennsylvania (Penn) da ke Filadelfiya, wadda attajirin masana'antu Joseph Wharton ya kafa a 1881, da Stern ta Jami'ar New York (NYU), da Ross ta Michigan, da Haas ta Berkeley, da Dyson ta Cornell, da Sloan ta Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT), da McCombs ta Jami'ar Teksas da ke Austin, da McIntire ta Virginia, da wasu irinsu da ba su wuce ashirin ko talatin ba.

Akwai wani abu da ke ba iyaye da yawa mamaki. Harvard da Yale da Princeton da Stanford ba sa ba da digirin farko a fannin kasuwanci. Makarantar kasuwancin Harvard da ake jin sunanta ta masu digiri na biyu ce zuwa sama. Ɗan sakandaren da ya shiga can yakan karanta tattalin arziki ko lissafi, daga baya ya nemi MBA, wato digiri na biyu a kasuwanci, idan yana so. Ita kanta Wharton, takardar da take ba wa ɗalibanta digirin kimiyya ce a tattalin arziki.

Makarantun da ke ba da digirin kuma ba hanya ɗaya ake shigarsu ba. Hanya ta farko ita ce shiga kai tsaye: tun a takardar nema ɗalibi zai ce Wharton yake so, ko Stern, ko Ross, kuma a kan wannan zaɓi za a auna shi. A Penn makarantun digirin farko huɗu ne, wato ta fasaha da kimiyya, da ta injiniya, da ta aikin jinya, da Wharton, kuma wanda Wharton ta ƙi ba a mayar da shi wata daga cikin ukun don a rage masa asara. Hanya ta biyu ita ce a fara shiga jami'ar, bayan shekara ɗaya ko biyu a sake neman makarantar kasuwancin daga ciki da makin da aka samu a jami'a. Haka ake yi a McIntire, haka kuma mafi yawan ɗaliban Kenan-Flagler ta North Carolina suke shiga. Berkeley ma haka take yi shekara da shekaru, sai a 2024 ta karɓi rukunin farko na shirin shekara huɗu mai sunan Spieker. Hanya ta uku ita ce ta MIT: ana ɗaukar ɗalibi ne a jami'ar gaba ɗaya, a ƙarshen shekarar farko ya zaɓi fannin da yake so, har da na Sloan, ba tare da wata sabuwar gasa ba.

Bambancin yana da nauyi a aljihun iyali. Wanda ya bi hanya ta biyu yana iya biyan kuɗin shekara guda cur, ya zo neman makarantar kasuwancin a ce babu guri. A lokacin ko dai ya karanta wani fanni, ko ya tattara ya koma wata jami'a.

Abin da alƙaluma ke faɗa, da abin da ba sa faɗa

Lambar da aka fi yaɗawa ita ce kason waɗanda aka karɓa cikin waɗanda suka nema. A 2024 sama da mutum 65,000 suka nemi Penn, aka karɓi ƙasa da kashi 6 cikin 100, domin cike aji mai ɗaukar ɗalibai kusan 2,400. A shekarar dai Jami'ar New York ta samu masu nema fiye da 100,000, ta karɓi kusan kashi 8, ta kuma sanar cewa a Stern waɗanda aka karɓa ba su kai kashi 5 ba.

Dalilan wannan cunkoso a bayyane suke. Akwai manhajar Common App, wadda jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da ita, inda ɗalibi zai cika takarda ɗaya ya aika wa makarantu har 20. Akwai ɗage sharaɗin SAT lokacin annobar korona, wanda ya sa waɗanda da ba za su gwada ba suka gwada. Akwai kuma tsarin ɗaukar ma'aikata na manyan bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara irin su Goldman Sachs da JPMorgan da McKinsey, waɗanda suka fi zuwa wasu zaɓaɓɓun jami'o'i neman yara, kuma bankunan sukan fara tantancewa tun ɗalibi yana shekara ta biyu. Masu nema sun ƙaru sosai, kujeru kuwa ba su ƙaru yadda ya kamata ba.

To amma kashi 5 ba yana nufin kowane mai nema yana da dama ɗaya cikin ashirin ba. A cikin masu neman akwai dubbai da makinsu bai kai ba, waɗanda damarsu kusan babu. Akwai 'yan wasan da kocin jami'a ya riga ya zaɓa, waɗanda damarsu ta kusa tabbata. Akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na manyan masu ba da gudummawa. Matsakaicin duk waɗannan ne ya ba da kashi 5. Ɗalibi mai cikakken maki wanda ba ya cikin kowane rukuni na musamman zai iya wuce wannan matsakaici, amma duk da haka ƙin karɓarsa ya fi karɓarsa yiwuwa nesa ba kusa ba.

Akwai wani lissafi da iyaye kan yi wanda ba ya fita. Sukan ce idan kowace makaranta tana karɓar kashi 5, aka nemi goma, damar samun ko da ɗaya ta kai kusan kashi 40. Wannan zai yi daidai da a ce ƙuri'a ake jefawa a kowace makaranta. Ba haka ba ne. Takardu ɗaya ake aika musu, kuma ma'auninsu ya yi kama da juna, don haka raunin da ya kayar da yaro a ta farko shi zai kayar da shi a ta tara.

A jami'o'in gwamnatin jiha kuma sai an fara tambayar inda ɗalibi yake zaune. A Teksas, kashi 90 na sababbin ɗaliban jami'ar Austin dole su zama mazauna jihar. Akwai kuma dokar da ta samo asali tun 1997 wadda ke ba waɗanda suka fi maki a kowace sakandaren jihar gurbi ba tare da gasa ba. A Austin an daɗe ana amfani da kashi 6 na saman aji, aka rage zuwa kashi 5 ga masu shiga daga 2026. Sai dai wannan gurbi na jami'ar ne, ba na McCombs ba, wadda take yin nata zaɓen daban. A Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, waɗanda ba 'yan jihar ba an ƙayyade musu kashi 18 na sababbin ɗalibai. Lambar da jami'a irin wannan ta wallafa ba ta gaya wa ɗan wata jiha komai sosai, balle ɗan wata ƙasa.

Yadda ake karanta takardun ɗalibi

Mai karatu a Najeriya ya saba da tsarin JAMB: maki cikin 400, a haɗa da na jarrabawar jami'a, a ja layi. A waɗannan makarantu babu layin da aka ja. Suna bin abin da suke kira duba ɗalibi ta kowace fuska, wato ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai su karanta fayil ɗinsa gaba ɗaya, su kwatanta shi da irin damar da makarantarsa da unguwarsa suka ba shi.

Abu na farko kuma mafi nauyi shi ne sakamakon aji na shekaru huɗun sakandare. Ana taƙaita shi da ma'aunin GPA, wanda ƙololuwarsa 4.0 ce a lissafi na asali, amma ba lambar kaɗai ake kallo ba. Ana duba ko ɗalibin ya ɗauki darussa mafi wuya da makarantarsa ke koyarwa, irin su na AP masu matakin jami'a da na IB, tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, ko kuwa ya kauce musu don kada makinsa ya taɓu. Ga makarantun kasuwanci lissafi ne kan gaba. Wharton ta fito fili ta ce tana son ganin ƙwaƙƙwaran shiri a lissafi har zuwa kalkulas, wani reshe mai zurfi na lissafi, domin darussan shekarar farko, irin su tattalin arziki da ƙididdiga da harkar kuɗi, duk a kansa suka ginu. Yaron da ya buɗe ƙaramin kasuwanci amma ya guje wa lissafi mai zurfi ya bar giɓin da kasuwancin ba zai cike ba.

Sai dai cikakken maki abin da yake saya wa ɗalibi shi ne a karanta sauran takardunsa da idon basira. Masu irin wannan maki sun ninka kujerun sau da yawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Common App na ba da gurabe goma na ayyukan wajen aji, kowane da bayani gajere, da babban rubutu na bayanin kai da bai wuce kalma 650 ba, ga wasiƙun malamai da na mai ba da shawara na makaranta. Kowace jami'a kuma tana da nata ƙarin tambayoyin. Ross ta daɗe tana neman wani kundi na musamman, inda ɗalibi zai ɗauko wata matsala ta zahiri a al'ummarsa ya bayyana yadda za a magance ta da dabarun kasuwanci, ya kuma haɗa da wani abu da ya yi da hannunsa wanda ke nuna yadda yake koyo. Rassan Jami'ar Kalifoniya, har da Berkeley, nasu tsarin neman daban ne, kuma tambayoyi huɗu ake amsawa cikin takwas.

Abin da jami'an ɗaukar ɗalibai suka sha nanatawa shi ne zurfi ya fi yawa. Yarinyar da ta shafe shekara uku tana riƙe da littafin kuɗin shagon mahaifiyarta, ta gano inda riba ke zurarewa, ta gyara, tana da abin faɗa fiye da wanda ya shiga ƙungiyoyi goma a shekarar ƙarshe don a cike gurabe. Aikin da ɗalibi ke yi don taimakon gida, ko rainon ƙanne, duk ana lissafa su idan an rubuta su. Masu sukar tsarin kuwa suna cewa wannan ɓangare ne ya fi buɗe wa masu kuɗi hanya, tun da su ne ke iya ɗaukar ƙwararren mai gyara rubutu da biyan shirye-shiryen hutu masu tsada.

Duk mai son sanin abin da wata jami'a ta fi ba nauyi zai iya duba wata takarda da yawancinsu ke wallafawa duk shekara mai suna Common Data Set. A cikinta akwai jerin abubuwan da ake dubawa da matsayin kowanne, da kuma makin SAT na tsakiyar waɗanda suka shiga.

SAT: an ajiye, an sake ɗauka

SAT jarrabawa ce ta karatu da rubutu da lissafi, ƙololuwar makinta 1600. Takwararta ACT kuma 36. A makarantun da suka fi tsauri, mafi yawan waɗanda aka karɓa kuma suka miƙa maki suna sama da 1500.

Da korona ta hana zama a ɗakunan jarrabawa a 2020, kusan duk manyan jami'o'i suka bar wa ɗalibi zaɓi. MIT ce ta fara juyawa a 2022, tana cewa makin lissafi na taimaka mata ta gane wanda zai iya karatunta. A 2024 Dartmouth da Yale da Brown da Harvard da Austin suka bi sahu, Cornell ma ta sanar da haka, sai Penn a farkon 2025. Rassan Jami'ar Kalifoniya kuwa, har da Berkeley, sun tsaya a ɗaya ɓangaren: ko an aika musu makin ba sa dubawa wajen ɗauka. Don haka mai neman Wharton da Haas a shekara ɗaya yana fuskantar ƙa'idoji biyu masu karo da juna.

Masu goyon bayan dawo da jarrabawar suna kafa hujja da binciken da malaman Dartmouth suka yi, wanda ya nuna cewa wasu 'ya'yan talakawa suna ɓoye makin da, da sun nuna shi, da ya taimake su, domin 1400 daga makarantar da ba ta da kayan aiki abin a yaba ne. Suna kuma cewa makin aji ya yi ta kumbura har ya daina bambance ɗalibai. Masu adawa suna nuni da cewa makin SAT yana hawa ne tare da arzikin iyaye, kuma mai kuɗi na iya ɗaukar malami ya zauna jarrabawar sau uku. Duka hujjojin biyu suna da tushe. Abin da ya bambanta su shi ne tambayar wane ma'auni ne ya fi karkata ga masu hali, jarrabawar ko rubutun bayanin kai da ayyukan wajen aji. Ga ɗalibin da ya fito daga makarantar da jami'an Amurka ba su taɓa jin sunanta ba, maki mai ƙarfi shi ne shaidar da kowa zai gane.

Hukuncin 2023 da batun gado

Ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da wata ƙungiya ta shigar kan Harvard da Jami'ar North Carolina, ta ce ba wa ɗalibi fifiko saboda launin fatarsa ya saɓa wa doka. Babban alƙali John Roberts ya bar ƙofa ɗaya: ɗalibi na iya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, a auna shi a kan abin da ya fuskanta da halin da ya nuna.

Tasirin bai zo iri ɗaya ba. A MIT kason baƙaƙen fata cikin sababbin ɗalibai ya sauko daga kusan kashi 13 zuwa kashi 5 a 2024, na 'yan asalin Asiya kuma ya hau. A Yale da Princeton ba a ga babban sauyi ba a shekarar farko. Ga Haas da Ross kuwa hukuncin bai kawo sabon abu ba, domin masu zaɓe a Kalifoniya sun hana wannan fifiko a jami'o'in gwamnati tun 1996, na Michigan kuma tun 2006.

Hukuncin ya jawo hankali kan wani fifikon da kotu ba ta taɓa ba, wato wanda ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. A Yulin 2023 masana tattalin arziki Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar da bincike kan jami'o'i 12 mafi tsauri. Sun gano cewa yaron da ya fito daga kashi 1 mafi arziki ya fi takwaransa na matsakaicin gida mai maki iri ɗaya yiwuwar shiga waɗannan jami'o'i fiye da ninki biyu. Sun danganta yawancin ratar da abubuwa uku: fifikon gado, da zaɓen 'yan wasa, da makin da ake bayarwa kan abubuwan da ba na aji ba. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwo gaya. Jami'o'in da ke kare tsarin suna cewa yana ƙarfafa dangantaka da tsofaffin ɗalibai, kuma gudummawarsu ce ke biyan tallafin 'ya'yan talakawa. MIT ba ta yin wannan fifiko, jihohi kamar Colorado da Virginia sun haramta shi a jami'o'in gwamnati, Kalifoniya kuma ta yi dokar da ta haɗa har da masu zaman kansu a 2024.

Nema da wuri mai ɗaure mutum

Lokacin nema ma wani layi ne. Akwai zagayen farko da ake rufewa wajen 1 ga Nuwamba, a ji sakamako a tsakiyar Disamba. Akwai zagayen kowa da kowa da ake rufewa farkon Janairu, a ji sakamako ƙarshen Maris, a ba da amsa zuwa 1 ga Mayu. A Penn da NYU da Cornell zagayen farkon mai ɗaurewa ne: ɗalibi da iyayensa da makarantarsa suna sa hannu cewa idan an karɓe shi zai zo, ya janye sauran takardunsa. Makaranta ɗaya kaɗai ake nema ta wannan hanya.

Penn kan cike kusan rabin ajinta daga wannan zagaye, kuma kason waɗanda ake karɓa a cikinsa ya ninka na zagayen Janairu. Sai dai wani ɓangare na ratar ya samo asali ne daga irin mutanen da ke nema a wannan zagaye, tun da 'yan wasan da aka zaɓa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a nan suka fi taruwa. Duk da haka akwai sauran fa'ida ga ɗalibi na gama-gari, domin jami'a na son wanda ta tabbata zai zo. Illar tana kan mai buƙatar tallafi, wanda ya rasa damar jera tayin jami'o'i uku ko huɗu ya ga wanda ya fi sauƙi. Ana iya warware alkawarin idan tallafin da aka bayar bai isa ba, amma a lokacin an riga an kashe harsashin guda ɗaya.

Shin sunan makaranta ya kai wannan wahala?

Masana sun rabu. Stacy Dale da Alan Krueger sun bi ɗaliban da suka nemi jami'o'i masu tsauri iri ɗaya amma suka ƙare a wurare daban-daban, suka ga cewa a matsakaici kuɗin shigarsu bai bambanta sosai ba. Ma'ana, ƙwazon yaron ne ya fi aiki. Amma sun ga cewa baƙaƙen fata da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba sun fi amfana da babbar makaranta, wataƙila saboda ita ce ke haɗa su da mutanen da gidansu ba zai haɗa su da su ba. Binciken Chetty kuma ya nuna cewa bambancin yana can sama ne: damar shiga sahun masu kuɗi na ƙololuwa da samun aiki a kamfanoni mafi daraja. Ana yawan ba da misali da Warren Buffett, wanda ya yi shekara biyu a Wharton ya koma Jami'ar Nebraska ya kammala a can. Misali ne na gaskiya, amma na mutum ɗaya ne, kuma na shekarun 1940.

Mai nema daga Najeriya, Nijar ko Chadi

A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, sai dai masu digiri na biyu da na uku sun fi yawa a cikinsu. Ɗan sakandaren da ke nema daga Kano ko Kaduna ana karɓar sakamakonsa na WAEC tare da rahoton makaranta na shekaru ukun ƙarshe. Samun A1 a lissafi da ɗaukar darasin lissafi mai zurfi suna da muhimmanci ga fannin kasuwanci. Ofisoshin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas suna ba da shawara kan karatu a can, kuma suna da shirin da ke biya wa haziƙan ɗalibai marasa hali kuɗin jarrabawa da na nema.

Babban shingen dai kuɗi ne. A Penn ko NYU, kuɗin karatu da masauki da abinci da littattafai ya kai kusan dala 90,000 ko fiye a shekara. Akwai jami'o'in da ba sa duba aljihun mai nema lokacin tantancewa, akwai kuma masu dubawa. Penn ba ta duba na 'yan Amurka da Kanada da Meziko, amma tana duba na sauran ƙasashe, duk da cewa wanda ta karɓa tana cike masa buƙatarsa. Ke nan ɗan Najeriyar da ya nemi cikakken tallafi yana gasa ne a wani ƙaramin layi tare da haziƙai daga Indiya da Kenya da Biyetnam da sauran duniya, kuma damarsa ta yi ƙasa da wadda aka wallafa. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma a wannan layi maganar ta yi daidai da tsarin da jami'o'in da kansu suka bayyana. Waɗanda ba sa duba aljihun ɗalibin waje ƙalilan ne, kuma a cikinsu masu digirin kasuwanci sun fi ƙaranci: akwai MIT, wadda daga 2025 ta ɗauke kuɗin karatu ga iyalan da ke samun ƙasa da dala 200,000 a shekara, akwai kuma Notre Dame mai makarantar Mendoza, wadda ta sanar da shiga wannan sahu a 2024. Jami'o'in jiha irin su Michigan da Berkeley kuwa kusan ba sa ba ɗalibin waje tallafin buƙata, kuma kuɗin da ake cajinsa ya ninka na ɗan jihar.

Bayan gurbi da kuɗi, tsugune ba ta ƙare ba, sai an samu biza. Ana buƙatar takardar I-20 daga jami'a mai tabbatar da cewa ta karɓi ɗalibin, da shaidar kuɗin shekarar farko, da dala 350 na rajistar ɗalibai, da dala 185 na neman bizar, da ganawa da jami'in ofishin jakadanci. A Yunin 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga. A Yuli aka rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya. A Disambar 2025 aka faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga sahun haramci gaba ɗaya, Najeriya kuma ta shiga na taƙaitawa wanda ya haɗa da bizar ɗalibai. Waɗannan umarnin shugaban ƙasa ne, ana iya sauya su, kuma jami'a ba ta da iko a kansu. Ɗalibin da ya samu gurbi ya rasa biza yakan nemi a ɗage masa gurbin zuwa shekara mai zuwa, kuma kowace jami'a da ƙa'idarta a kan haka. Wasu iyalan sun karkata ga rassan jami'o'in Amurka da ke ƙasashen Larabawa, inda ba a buƙatar bizar Amurka don fara karatu: Carnegie Mellon tana koyar da digirin gudanar da kasuwanci a reshenta na Doha, NYU kuma tana da cikakkiyar jami'a a Abu Dhabi wadda ke ba ɗaliban waje tallafi, ko da yake ita ma kaso kaɗan take ɗauka cikin masu nemanta.